Kafin a ɗinka masa kaki, a faɗa mana wa zai biya shi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu sa baki a maganar da ake ta yi kan 'yan sandan jihohi da rundunar tsaron unguwanni. Mun saurari muhawarar a gidajen rediyon Kano, mun kuma karanta ta a shafinka. Kusan kowa ya tsaya kan wanda zai naɗa kwamanda, da ko gwamna zai juya rundunar kan 'yan adawa, da ko za a ba su bindiga. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai wadda ta riga su, ita ce kuma ba a cika yi ba: nawa za a biya mutumin da zai kwana a bakin lungu, daga wace aljihu kuɗin zai fito, kuma wace doka ce za ta hana a tsallake masa wata? Mu masu aikin lissafin kuɗin hukuma ne, don haka ta wannan ƙofa za mu shigo.

Za mu ɗauko misali daga Amurka, ba don komai nasu abin koyi ba ne, sai don sun daɗe suna fama da irin wannan matsala, har sun rubuta mata lambobi a doka. A can kowace jiha an yanka ta gida-gida, ana kiran kowane yanki kawunti, abin da ya fi kusa da ƙaramar hukuma a wurinmu. Sun haura 3,000. A mafi yawansu akwai jami'in tsaro da ake kira sherif. (Kada mai karatu ya haɗa shi da sharifan unguwar Sharifai, kalmar tsohon Turancin Ingila ce, tana nufin wakilin sarki a yanki.) Jama'ar kawunti ne ke zaɓensa da ƙuri'a, galibi na shekara huɗu. Shi ke riƙe da gidan wakafi na yankin, shi ke kai sammacin kotu da gadin alƙalai, kuma mataimakansa ne ke sintiri a ƙauyuka da hanyoyin da ba su da 'yan sandan birni. Ba ko'ina ake da shi ba: Alaska ba ta da kawunti ba ta da sherif, jihar Konetikot kuma ta soke ofishin a shekarar 2000.

Kuɗin ofishin sherif daga majalisar kawunti yake fitowa, ita kuma mafi yawan abin da take samu harajin gidaje da filaye ne. A nan gizo ke saƙar. Jihar Teksas tana da kawunti 254. Ɗaya daga ciki, wadda birnin Hustan yake, ta haura mutum miliyan 4.7 a ƙidayar 2020. Wata kuma mai suna Lobin, mutum 64 kacal aka ƙirga a cikinta. Doka ɗaya ce a kansu, aikin da ake nema a wurin sherif iri ɗaya ne, amma aljihun ba ɗaya ba. Ƙaramar kawunti sai ta ɗauki matashi, ta kashe kuɗi ta tura shi horo, ya yi shekara ɗaya ko biyu ya goge, sai birni ya yi masa tayin albashi mai tsoka ya tafi. Ta sake ɗaukar wani. Ta zama makarantar horar wa masu kuɗi ma'aikata, ita kuma kullum sabon shiga ne ke riƙe mata da dare.

A 2023 majalisar dokokin Teksas ta yi dokar da ake kira ƙuduri na 22 na majalisar dattawa, ta ware kimanin dala miliyan 330 na shekara biyu don tallafa wa tsaron karkara. Tsarin ya cancanci a dube shi dalla-dalla. Kawunti mai mutum 300,000 ko ƙasa da haka ce kaɗai za ta nema. Wadda ba ta kai mutum 10,000 ba tana samun dala 250,000 a shekara. Daga 10,000 zuwa 50,000 dala 350,000. Daga 50,000 zuwa 300,000 dala 500,000. Ofishin babban akantan jihar ne ke rabawa, ba ofishin gwamna ba. Sannan dokar ta jera yadda za a kashe, bi da bi. Farko sai an cike albashi ya kai ma'aunin da aka gindaya: dala 75,000 a shekara ga sherif, 45,000 ga mataimakin da ke aikin sintiri da tsayar da motoci, 40,000 ga ganduroba. Sai an gama wannan kafin a taɓa ragowar don ƙarin albashi, ko ɗaukar sababbin ma'aikata, ko sayen mota da makami da rigar kariya. Kuma an rubuta ƙarara cewa kawunti ba za ta rage abin da ta saba bai wa ofishin sherif ba don ta ga tallafi ya shigo.

Kada a ɗauki waɗannan daloli a buga da canjin Wapa a ce ai mu ba za mu iya ba. Ba adadin ne darasin ba. Abin dubawa shi ne tazarar. Mafi ƙarancin albashi na tarayyar Amurka dala 7.25 ne a awa tun 2009, wanda idan mutum ya yi awa 40 a mako shekara guda zai tashi da dala 15,080. Ke nan ƙasan albashin mataimakin sherif a Teksas ya kusa ninka wancan sau uku. Sun gane cewa wanda aka ba ikon kama mutum ba a ajiye shi a matakin ƙarshe na albashi. Abu na biyu shi ne jerin: albashi kafin mota. A wurinmu akasin haka aka saba. Motoci ake fara jerawa a filin wasa na Sani Abacha, a ɗaura musu kyalle, a ɗauki hoto, albashi kuma a ce kwamiti na duba shi.

Wasu jihohin sun bi wata hanya. Jojiya ta rubuta jadawalin mafi ƙarancin albashin sherif a cikin dokarta, gwargwadon yawan mutanen kawunti, amma kawunti ce ke biya. Wannan yana kare sherif daga majalisar da za ta matse masa albashi don ya kama ɗan uwan wani, sai dai bai ƙara wa matalauciyar kawunti ko sisi ba. Bajiniya ta fi zurfafawa: tana da hukumar albashi ta jiha wadda ke ƙayyade yawan mataimakan da kowane sherif ya cancanta, tana mayar wa kawunti kuɗin albashinsu, kuma ma'aunin da dokarta ta sa shi ne mataimaki ɗaya ga kowane mutum 1,500. Kawuntin da take da hali tana iya ɗorawa a kai daga aljihunta. Mu a ganinmu wannan ne ya fi kama da abin da Kano ke buƙata, za mu dawo kansa.

Akwai kuma hanyar da ta ɓaci, ita ce a ce wa jami'in tsaro ya ci daga abin da ya tara. A Alabama wata tsohuwar doka ta bar sherif ya riƙe rarar kuɗin abincin fursunoni. A lokacin jiha na ba da dala 1.75 a kan kowane fursuna a rana. Abin da ya rage bayan an ciyar da su na sherif ne halak malak. Ba sai an faɗa maka abin da ya biyo baya ba. A 2009 wani alƙalin tarayya ya sa aka kulle sherif na kawuntin Mogan dare ɗaya saboda ramar da fursunoninsa suka yi. A 2018 aka bankaɗo cewa na kawuntin Etowa ya kwashe sama da dala 750,000 cikin shekara uku ta wannan hanya, kuma bai karya doka ba. Sai a 2019 aka toshe ƙofar, aka ɗaga kuɗin zuwa dala 2.25, aka ce ya zauna a asusun abinci. A jihar dai, ofisoshin sherif sun dogara da kuɗin lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga. Da aka soke wajabcin lasisin daga farkon 2023, kuɗin ya faɗi warwas, sai da jiha ta buɗe asusun cike giɓi. A Mizuri kuwa dala 3 aka riƙa ɗorawa a kan shari'o'i don asusun fanshon sherif. Kotun ƙolin jihar ta soke shi a 2021, aka kai maganar gaban masu zaɓe a Nuwamba 2024 don a dawo da shi ta gyaran tsarin mulki, suka ƙi. Duk kuɗin da ya dogara da tara ko lasisi ko yawan mutanen da aka kama, ko dai ya ƙafe rana tsaka, ko ya koya wa jami'i farautar jama'a.

To mu dawo gida. A yau wa ke biyan mai gadin unguwa a Kano? Duk wanda ke zaune a Kurna ko Ɗorayi ko Sheka ko Rijiyar Zaki ya san amsar. Ƙarshen wata wani dattijo ko matashi zai bi gida-gida da littafi mai layi-layi, an ja ginshiƙai da biro: sunan mai gida, wata, abin da ya bayar. Wani gida a ba da ɗari biyar, wani dubu, wani a ce mai gidan ya yi tafiya, gidan haya kuma kowane ɗaki ya ce ɗaya ɗakin ne zai biya. Abin da aka tara a cire na batirin tocila da na usur da na shayi, a raba sauran tsakanin mutum shida ko takwas da suka kwana a waje da gora. Layin da 'yan kasuwa suke, masu gadinsa sun fi samu, har da ɗaki da fitila mai hasken rana. Layin da ke bayansa, inda ƙwacen waya da faɗan daba suka fi yawa, shi ne wanda littafinsa ya fi yawan gurbi. Matsalar Hustan da Lobin ce a cikin mazaɓa ɗaya. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya fi zuba kuɗi a littafin, ba a kama ɗansa.

Ba yau muka fara riƙe 'yan sandan gida ba. Zamanin En'e akwai dogarai da 'yan doka, albashinsu daga baitulmalin En'e yake fita, wanda haraji da jangali ke cikawa. En'e ta Kano mai ƙarfi ce, tana iya biya. Ƙananan En'e-En'e kuwa sai a hankali. Kuma tsofaffin 'yan NEPU ba su manta abin da 'yan doka suka yi musu ba, domin wanda ke riƙe da baitulmali shi ke riƙe da kulki. Mulkin soja na Janar Gowon ne ya narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya, yau kuma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar. Shi ya sa duk abin da jihohi suka kafa tun daga nan suke ba shi wani suna: Hisbah da dokarta ta 2003, KAROTA a 2012, Amotekun a ƙasar Yarabawa a 2020, rundunar sa ido ta Katsina a 2023, Askarawan Zamfara a 2024, da dokar tsaron unguwanni da Kano ta yi a 2025. Sunan ya bambanta, amma tambayar albashi tana nan daram a ƙarƙashin kowanne.

Wani zai ce ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi. Akwai. Daga naira 18,000 a 2011 ta koma 30,000 a 2019, ta koma 70,000 a Yulin 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya sa na Kano 71,000 a Oktoban shekarar. Amma dokar tana da ƙofofi. Ba ta hau kan mai aikin rabin lokaci ba, ba ta hau kan wanda ake biya da kamasho ko da yawan aikin da ya yi ba, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Babbar ƙofar kuma kalma ce guda: alawus. Da zarar an rubuta wa mutum takarda an kira shi ɗan sa kai, an kira abin da ake ba shi alawus, to ya fita daga inuwar dokar. Babu fansho, babu ƙarin girma, babu ranar biya da zai riƙe. Mun ga wannan a fili da 'yan sandan sa kai da aka ɗauka bayan Dokar 'Yan Sanda ta 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 13.3 don tsaron al'umma. An horar da su, an ba su kaki. A 2022 wasunsu suka fito zanga-zanga a Ilorin da Osogbo suna neman albashin watanni, hukumar 'yan sanda ta amsa cewa aikin na sa kai ne tun farko. Tarayya na nuna jihohi, jihohi na nuna ƙananan hukumomi, mutum kuma yana tsaye a titi da kaki da ikon tsayar da mai adaidaita sahu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ba a ba shi na ciki ba, a wurin mai wucewa zai nema.

Yanzu ga lissafi, kowa ya ɗauki biro ya bi mu. Kano na da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A ce mutum goma a kowace mazaɓa, wanda ba yawa ba ne, domin in an raba su dare da rana aka cire mai hutu da marar lafiya, da ƙyar mutum huɗu za su kasance a bakin aiki lokaci ɗaya. Mutum 4,840 ke nan. A kan 71,000, albashinsu naira miliyan 343.64 ne a wata, biliyan 4.12 a shekara. In aka raba daidai, kowace ƙaramar hukuma mutum 110, naira miliyan 7.81 a wata. In kuma aka ɗauki ma'aunin Bajiniya aka ɗora kan ƙidayar 2006, wadda ta ba Kano mutum miliyan 9.4, za a buƙaci kusan mutum 6,300, wajen naira miliyan 445 a wata, kuma kowa ya san Kano ta wuce wannan adadi nesa ba kusa ba.

Wannan tsurar albashi ne. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta sa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci 8. A lissafin farko wannan kashi 10 kaɗai ya haura naira miliyan 412 a shekara. Sai inshorar rai da ta jinya, wadda a aikin da ake sara da adda ba alfarma ba ce. Sai kaki aƙalla biyu da takalmi, da rigar ruwa ta damina da ta sanyi ta hunturu. Sai horo, da maimaita horo. Sai mai da gyaran mota, inda kasafi ya fi mutuwa. Wanda duk ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ya ga irin motar nan ta sintiri a bayan ofis, an ɗora ta a kan bulo, tambarin gwamnati na nan a ƙofa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Yawanci ba hatsari ta yi ba. Taya huɗu da batir da juyen mai ne ba a sa wa layi a kasafi ba, sai aka ciri tayar aka sa wa wata, daga nan shi ke nan. Duk motar da za a saya, a rubuta kuɗin riƙonta na shekara uku a takarda ɗaya da kuɗin sayenta, ko a fasa.

Sannan 71,000 ɗin kanta ƙasa ce, ba ma'auni ba. Raba ta gida talatin, naira 2,367 ne a rana, kafin a cire komai. Mutumin da zai tare ɗan daba mai ɗauke da wuƙa da ƙarfe biyun dare bai kamata ya tashi daidai da masinjan ofis da ke tashi ƙarfe huɗu ba. Shawararmu kada a rubuta adadin naira a cikin doka, domin hauhawar farashi za ta cinye shi kafin tawada ta bushe. Wannan rauni ne da dokar Teksas ɗin kanta take da shi, tunda lambobinta a tsaye suke sai majalisa ta sake zama. A rubuta ninki: kaza bisa mafi ƙarancin albashin jiha, ko ɗaya da rabi ne, da alawus ɗin dare da na haɗari a kai. Duk ranar da ƙasan ya motsa, nasu ya motsa ba sai an yi zanga-zanga ba.

Wa zai biya? A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, Kotun Ƙoli kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wannan hukunci ya sa tsohuwar dabarar yanke kuɗi daga sama kafin a raba ta zama abin ƙalubalanta a kotu. Akwai ma izina: Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta sa a riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga asusun tarayya, jihar Ribas ta kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2022 cirewar ta saɓa wa tsarin mulki. Don haka kada a gina albashin mutane a kan yankan da kotu za ta iya rushewa. Abin da ya fi tsafta shi ne jiha ta ɗauki ƙasan albashi da fansho da inshora gaba ɗaya daga kasonta, a layi mai suna a kasafin shekara. Ƙaramar hukuma ta ɗauki ofis da mai da gyara, majalisar kansilolinta ta amince da shi a nata kasafin. Wadda take da kasuwanni da kuɗin shiga, irin Fagge mai Kantin Kwari da Sabon Gari, ta ɗora wa nata in ta ga dama, amma a sa wa ɗorin iyaka, in ba haka ba za ta kwashe ƙwararrun Rimin Gado da Tofa kamar yadda biranen Amurka ke yi wa ƙauyukansu.

Rabon ma'aikata kuma kada a yi shi da yawan jama'a kaɗai. Dala da Gwale cunkoso ne, mutum goma a ƙafa za su zaga mazaɓa cikin awa ɗaya. Doguwa da Tudun Wada da Sumaila suna da dajin Falgore. Shanono da Tsanyawa suna kan iyaka da Katsina. A can faɗin ƙasa da nisan ofishin 'yan sanda mafi kusa su ne ma'auni. A ba kowace mazaɓa adadi na tushe, a ƙara bisa yawan jama'a, a sake ƙarawa bisa faɗin ƙasa da zama kan iyaka. A kuma guji matakala irin ta Teksas, inda kawunti mai mutum 9,900 da mai 10,100 ke da tazarar dala 100,000 a tsakaninsu. A ƙasar da ƙidaya ke tayar da jijiyar wuya, irin wannan layi gayyatar rigima ce.

Abubuwan da ke lalata irin wannan tsari sanannu ne. Na farko janye hannu: jiha ta turo tallafi, shugaban ƙaramar hukuma ya ga an samu sauƙi, ya karkatar da abin da yake bai wa 'yan sintiri zuwa wani wuri, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Maganinsa sharaɗin da Teksas ta rubuta, da kuma a ɗauki abin da aka kashe bara a matsayin ma'aunin da ba a sauka ƙasa da shi. Na biyu matsewar matakai: an ɗaga ƙasa ba a taɓa sama ba, sai sabon ɗauka ya tashi da kusan abin da kwamandansa mai shekara goma ke samu. Ma'aikatan gwamnati sun san wannan ciwo, shi ne rigimar daidaita matakan albashi da ta biyo bayan 2019. A sa tazarar matakai a cikin jadawalin tun farko.

Na uku shi ne wanda muka fi sani, ma'aikatan bogi. Rundunar da ke warwatse a mazaɓu 484, tana aikin dare, babu wanda ya san fuskar kowa a hedikwata, ita ce gonar da sunayen bogi suka fi tsiro. Kada a biya ko mutum ɗaya a kan tebur. Kowa da asusunsa na banki haɗe da lambar BVN da NIN, kuɗi ya tashi daga baitulmalin jiha ya faɗa asusun mutum ba tare da ya kwana a hannun kwamanda ko ma'ajin ƙaramar hukuma ba. A liƙa sunayen kowace mazaɓa da hotunansu a ƙofar gidan mai unguwa ko dagaci, inda wanda ya san cewa wane ya rasu bara ko yana Legas yana sana'a zai gani. Mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi ya riƙa zuwa fareti ba sanarwa, sau biyu a shekara, ya ƙirga kai ya gwada da takarda. Mai amincewa da ɗauka daban, mai shigar da suna daban, mai sakin kuɗi daban. Ranar da mutum ɗaya ya haɗa biyu daga cikin ukun nan, an ba kura ajiyar nama.

Na huɗu tara. Kada a ba rundunar ikon karɓar ko naira ɗaya a hannu, kada a ce mata wani kaso na tarar da ta jawo nata ne, kada a sa mata adadin da za ta kawo a wata. In akwai tara, kotu ta yanke, a biya a banki, ta shiga babban asusun jiha. Kuɗin sintiri na gida-gida kuwa, in unguwa ta ga za ta ci gaba da shi, ya koma na fitilun layi da ƙofar lungu, ya daina zama albashin wanda ke da ikon kamu.

Abu ɗaya da ba mu ce a kwaikwaya ba shi ne zaɓen kwamanda da ƙuri'a. A yadda zaɓen ƙananan hukumomi yake a ƙasar nan, inda jam'iyyar da ke mulkin jiha kan lashe kujeru kaf, zaɓaɓɓen sherif zai zama ɗan doka ne da sabuwar hula. Abin ɗauka shi ne dalilin da ya sa suka rubuta albashinsa a dokar jiha: don kada wanda sherif ɗin yake bincika ya iya yanke masa abinci. A Kano wannan na nufin dokar ta hana dakatar da albashin jami'i sai da hukuncin kwamitin ladabtarwa a rubuce, ta sa ranar biya ɗaya da ta sauran ma'aikatan jiha, ta kuma ce in aka yi wata biyu ba a biya ba, a tsayar da ɗaukar sababbi da sayen motoci har sai an biya bashin.

Gyaran sashe na 214 sai ya samu kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, wannan ba a hannun Kano kaɗai yake ba. Amma jadawalin albashin waɗanda jiha ta riga ta ɗinka wa kaki yana hannun majalisar dokokinmu, kuma lokacin kare kasafi ake kama shi. Muna roƙonka, Malam Edita, ka tura wakilinka zauren ranar da hukumomin tsaron jiha za su zo kare nasu, ya tambayi kowacce mutum nawa ke cikin takardar biyanta, nawa ne a cikinsu ke kan albashi nawa ke kan alawus, nawa mafi ƙanƙanta ke ɗauka a wata, da watan ƙarshe da aka biya shi. Ka buga amsoshin a jere, hukuma-hukuma, mu kuma za mu buga lissafin mu aiko maka.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu masu aikin akanta da binciken kuɗin hukuma,
Birnin Kano.